Suna Na Huɗu

Sunaye uku ne bakin Dela ba ya faɗa: na mijinta, na ɗanta na fari, da na uban mijinta, wanda ya shekara goma sha biyu a kabari amma har yanzu in za ta ambace shi sai ta ce "tsohon gidan nan." Ban da waɗannan ukun, babu sunan da ya tsira daga bakinta a duk ƙasar Dakoro. Wanda kuma ya fi shan wuya a cikinsu shi ne na Intalla.

Tana kiransa a bakin rijiya, tana kiransa a bakin gona.

"Intalla, kun kwana lahiya? Intalla, ya raƙumma? Intalla, waccan akuyar taku ce ko ta Allah ce?"

Ba ƙauna ce ta kawo wannan gaisuwa ba. Kowa ya san mace ba ta faɗin sunan mijin ɗiyarta, ko na wanda take shirin ba wa ɗiyar. Ba ta cin abinci a gabansa. In hanya ta haɗa su, shi ya tuɓe takalma ya ratse daji, ita ta rufe fuska ta wuce. Saboda haka duk ranar da Dela ta ɗaga murya ta ce "Intalla," shela take yi wa gari cewa wannan dogon Buzun ba zai taɓa zama surukinta ba. Ranar da ya kawo cuku kyauta, zama ta yi a ƙofar gida ta cinye shi tas a gabansa, tana kallonsa cikin ido. Ta kwana biyu da murɗar ciki, amma ba ta yi da-na-sani ba.

Hawwa'u, autar Dela, ita ke jin kowane "Intalla" kamar an taka mata yatsa.

Ba yarinya ba ce. Ta yi aure, zazzaɓi ya ɗauke mijin bayan damina biyu, ta dawo gida ta shekara uku. Limamin gari ya faɗa a fili cewa bazawara ita ke da ikon kanta. Ubanta, Malam Isufu, ya amince tuntuni, sai dai amincewar Malam Isufu a cikin gidansa kamar inuwar gawo ce da damina: itacen na nan tsaye, ganyen ne babu. Ita kuwa Hawwa'u ta riga ta rantse ba za ta shiga ɗakin kowa ba sai da albarkar uwarta.

Ga shi gobe ayarin gishiri zai tashi. Kawun Intalla ya ba shi zaɓi: ko ya samu mata a nan ya zauna ya riƙe gonar ubansa, ko ya ɗaura wa raƙuminsa kaya, a yi masa aure a Abzin cikin dangi. Rana ɗaya ta rage wa Hawwa'u, kuma ranar ta faɗo daidai da kewayar Ramin Kimba.

Ramin Kimba kwazazzabo ne mai zurfi a arewacin gari, wanda aka ce wani maharbi mai wannan suna ne ya fara leƙa shi. Hanya ɗaya ce ta bi bakinsa cikin itatuwa: ta fita ta gabas, ta zagaye kan ramin, ta dawo gari ta yamma. Kowace kaka, in an gama ɗaure dammunan gero, mata kan fita da safe su kewaye shi, suna tsintar ƙaro da magarya da aduwa, su dawo kafin rana ta faɗi. Doka ɗaya ce: wanda ya ɗauki hanyar ba ya juyawa da baya. Liman ya ce bai ga wannan a littafi ba. Matarsa dai ba ta taɓa juyawa ba.

Hawwa'u ta shirya dabararta da Inna Lami, aminiyar uwarta, wadda ba a ɓoye mata sirri don ba ya ɓoyuwa. Mata za su bi ta gabas. Intalla zai bi ta yamma. Da azahar za su haɗu a gindin kanyar da ke kan ramin, inda wuri ke da faɗi, ya durƙusa daga nesa, Inna Lami ta yi magana a madadinsa.

Dabarar ba ta da aibi, sai dai ba a sa Sa'adu a cikinta ba.

Sa'adu ɗan wan Dela ne, daga Sabon Maci. Yana da doki, yana da riguna uku, kuma yau ya sa biyu. Shi ne zaɓin Dela, don gidan ubansa tafiyar hantsi ce kawai, kuma jini ɗaya ne. Da ya ji labarin kewaya sai ya ce ai bai kamata a bar mata su shiga daji ba namiji.

"Shekara arba'in muna shiga," in ji Inna Lami. "Ba mu san haɗari muke ciki ba sai yau."

A bakin hanya aka gane doki ba zai iya bi ba. Sa'adu ya sauka ya ɗaure shi, ya tsaya yana kallon ƙasa kamar wanda aka gabatar da shi ga baƙo.

"Taubashi," Hawwa'u ta ce, "ka san yadda ake yi? Ƙafa ɗaya kake sawa gaba, sannan ɗayar."

"Yi ta yi. In kin zo gidana za ki ga wasa."

"In na zo gidanka gaisuwa zan zo."

"Auta," in ji Dela, ba ta ko waiwayo ba, "kama bakinki."

Suka shiga daji.

Duk da abin da ke jiran ta a gindin kanya, Hawwa'u ba ta iya hana kanta jin daɗi ba. Raɓa ba ta gama bushewa ba, ciyawa na jiƙa mata ƙafa. Hanyar ta kutsa cikin sabara da geza, ta hau tudu a hankali, sai ga marke da ƙirya sun haɗa kai a sama, haske na zubowa ɗigo-ɗigo. Zabi suka tashi da hayaniya, Sa'adu ya dafe ƙirji ya ce dama ya gan su. Matan suka warwatsu cikin ɗakwara suna ɓallo ƙaro, jajaye kamar zuma ta daskare. Wata ta ɗauko waƙar daka, sauran suka amsa. Dela ma ta amsa, da muryar nan tata da ake ji daga gonar maƙwabta.

Can sai itatuwa suka buɗe ta hannun hagu, ƙasa ta ƙare.

Kowace shekara Hawwa'u kan ce ta saba da shi, kowace shekara sai numfashinta ya tsaya. Bangon ramin ja ne, da zane-zanen fari kamar an yi masa ado. Can ƙasa kawunan manyan itatuwa sun zama kamar shukar wake. Shaho na yawo, amma bayansa take gani, ba cikinsa ba. Jajayen birai na zaune a ɗaya gefen, suna kallon matan da irin kallon da dattawa ke yi wa masu wucewa.

"Goggo," in ji Sa'adu, "dole ne hanyar ta bi nan kusa-kusa?"

"Ka kalli gabanka."

"Gabana nake kallo. Shi ne ba shi da kyau."

Da rana ta take tsaka suka isa gindin kanya. Hawwa'u ta duba hanyar yamma. Babu kowa. Ta sauke ƙwarya ta sake dubawa. Kurciya ce kaɗai ke tafiya a kanta.

Aka dama fura, aka zazzage gujiya a faifai. Sa'adu ya zauna gwiwa da gwiwa da Dela, ya sha ludayi tara, ya roƙi nata ragowar. Ba laifi ba ne, goggonsa ce. Amma Inna Lami ta ƙirga, kuma ta tabbatar kowa ya ga tana ƙirgawa.

Inuwa ta fara karkata. Hawwa'u ta ga in ta jira wanda bai zo ba, ranar za ta wuce a banza. Ta tashi ta bi uwarta bayan kanyar, inda ta je wanke hannu, ta durƙusa.

"Inna."

"In maganar jiya ce, na ji ta shekaranjiya."

"Gobe za su tashi."

"Allah shi kiyaye hanya."

Hawayen da Hawwa'u ta tanada tun asuba suka zo, sai dai sun fi yadda ta shirya yawa. "Mi ya yi miki, Inna? A nan aka haihe shi. Ubanshi ya gina rijiyar da kike sha. Shina salla, shina noma, bai taɓa ɗaga ido ya dube ki ba. Ki hwaɗa mini laihinshi guda, in ji, in haƙura."

Dela ta daɗe tana murza hannuwanta da suka riga suka bushe.

"Shina da raƙumi," ta ce.

"Inna."

"Kin san ina da ƙanwa? Ba ki san ta ba. Tare muke kwana tabarma guda. Wani mai raƙumi ya zo, mai ladabi, shi ma a nan aka haihe shi. Ya rantse ma babanmu ba shi zuwa ko'ina. Damina uku ya zamna. Ta huɗu ciyawa ta yi ƙaranci, suka naɗe bukka. Na raka ta har bakin ramin nan. Shekara talatin ke nan. Ban san ko tana da rai ba, ban san ko in yi mata sadaka ba."

Muryar da ake ji daga gonar maƙwabta ta koma kamar ta mai mura.

"Na ba da ke sau guda, Allah Ya maido mini ke. Mutanen nan ba su zama wuri guda, Auta. Ba mugunta ba ce, ƙafarsu ce haka."

"Shi zai zamna."

"To ina shi? Ko kina tsammanin ban san abin da kuka ƙulla da Lami ba? Tun ranar Talata ta hwaɗa mini."

Suka yi kuka tare, kowacce da nata dalili, har Dela ta gaji ta share wa ɗiyarta fuska da bakin zane, da ƙarfi, kamar tana goge ƙwarya.

"Tashi. Rana ba ta jiranmu."

Daga kanya hanyar takan juya kudu, ta bi bakin yamma. A nan ne Wuyan Raƙumi yake: taku arba'in inda hanya ta tsuke har mutum biyu ba sa iya giftawa sai sun gogi juna. Ta dama sarƙaƙiya ce da ko akuya ba ta shiga. Ta hagu babu komai sai iska, da wata tsohuwar cediya da ta fito daga jikin bango, saiwoyinta na rataye a waje.

Dela ce a gaba, Hawwa'u na bin ta, sai Inna Lami da sauran mata. Sa'adu ya ce zai tsare baya.

Sun kai tsakiya ke nan sai ga mutum ya ɓullo daga kwanar gaba.

Hawwa'u ta gane abin da ya makarar da shi kafin ta gane shi kansa. Rawanin sallah ya naɗa, baƙi mai shuni, kamu goma sha biyu, wanda naɗinsa kan ci rabin safiya. Na Intalla kuwa ya ci fiye da haka. Daga baya aka ji sau huɗu ya warware.

Ya tsaya cak. Dela ta tsaya.

Ya ja amawali har gindin idanunsa. Ya sunkuya ya tuɓe takalma. Ya dubi hagu, ƙaya. Ya dubi baya, ya tuna ba a juyawa. Ya dubi dama, wajen ramin.

"Kada ka soma," Hawwa'u ta ce a hankali.

Ya soma. Ya zauna a bakin ramin, ya zura dogayen ƙafafunsa, ya laluba saiwar cediya, ya sauka. Da ya ga yana bukatar hannu biyu sai ya saki takalman. Kowa ya yi shiru yana sauraro. Ba a ji saukarsu ba.

Hanya ta zama fili. Abin da ya rage na Intalla a sama shi ne ƙololuwar rawani da yatsu takwas.

"Intalla," in ji Dela. "Hau."

Shiru. Mai neman aure ba ya mayar wa uwar yarinya magana.

"Intalla, da kai nake. Ni ba surukarka ba ce da za ka ratse mini. Hau ka raɓa ka wuce, kamar kowa."

Rawanin ya girgiza kaɗan, alamar a'a.

"Wuce mana, Dela," in ji Inna Lami. "Ya ba ki hanya."

"Ban wucewa. In na wuce na karɓi kunyarshi ke nan, a gaban mutum goma sha ɗaya da ke. Kafin magariba gari ya ɗauka."

"Kafin la'asar dai."

Dela ta sauke ƙwaryarta a tsakiyar hanya ta riƙe ƙugu. Hawwa'u ta san wannan tsayuwar. An taɓa yi wa mai sayar da kanwa ita daga hantsi har azahar.

Haka aka tsaya. Iska na kaɗa bakin rawani. Birai suka matso daga ɗaya gefen don su gani da kyau. Hawwa'u na kallon yatsun nan takwas suna yin fari a gaɓoɓi.

"Sa'adu," Dela ta kira, "zo ka jawo shi."

Daga can baya, ƙasa-ƙasa, murya ta amsa. "Goggo, ina zuwa. Jiri ne ya ɗan taso mini." Matan suka waiwaya. Mai tsaron baya na rarrafe da gwiwa da hannu, idanunsa a rufe, riga ta sama ta maƙale a ƙaya.

Wata ta fara dariya ta toshe baki.

"Dela," in ji Inna Lami, "ba ke kika ce mutanen nan ba su zama wuri guda ba? To ga shi ya zamna. Inda ko biri bai zama."

"Lami, ba da ke nake ba."

Sai saiwar ta yi ƙara. Ƙara ce ƙarama, kamar an karya kara a ɗaki na kusa. Ƙasa ta zubo daga gindinta, rawanin ya nutse da kamar taƙi guda. Yatsu takwas suka koma shida.

Hawwa'u ta zube a gwiwa. Ba ta iya kaiwa gare shi, uwarta ta tare hanya. Ta kama ƙafar Dela.

"Inna, na bar shi. Wallahi na bar shi. Ya tahi Abzin, in auri wanda kike so. Ki wuce kawai ya hau."

Daga ƙarƙashin bakin ramin, a karo na farko, murya ta fito cikin amawali. Ba da Dela yake ba, don ba ya iyawa.

"Inna Lami," ya ce, yana numfashi da ƙyar, "ki ce ma masu hanya kada su yi gaggawa sabili da ni. Nan ma da inuwa."

Dela ta leƙa. Ta ga ƙafafunsa ba takalmi suna neman abin takawa a jikin bango, ta ga zurfin da ke ƙarƙashinsu. Ta cika ƙirji da iska, ta buɗe baki, kowa ya shirya jin sunan nan da ya fi kowane suna shan wuya.

Bakin ya tsaya a buɗe.

Ta sake gwadawa. Hawwa'u, da ke ƙasa tana kallon haɓarta, ta ga harshen ya tashi ya koma.

"Auta," Dela ta ce a ƙarshe, da wata irin murya. "Sake mini ƙafa. In na wuce ki ce ma... ki ce ma wancan ya hau. Ya ishe shi haka."

Ta ja mayafi ta rufe fuska har haɓa, ta juya kai wajen sarƙaƙiya, ta wuce da sauri. Ta bar ƙwaryarta a nan. Ba ta tsaya ba sai bayan kwana, inda ba a ganinta.

Mata huɗu suka warware rawanin suka jawo shi da shi kamar igiya, kamu goma sha biyun nan suka yi amfani a ƙarshe. Intalla ya fito yana haki, hannuwansa duk sun kuje, kansa a buɗe a gaban mata, abin da ya fi damunsa fiye da ramin. Hawwa'u tana kuka tana dariya tana dukan kafaɗarsa.

"Wawa. Da ka hwaɗi hwa?"

"Da na hwaɗi da ladabi," ya ce. Sannan ya rage murya. "Mi ta ce? Iska ta hana ni ji."

"Ta ce wancan."

"Wa?"

"Kai."

Ya dube ta, ya dubi Inna Lami. Inna Lami ta ɗaga hannu ta rangaɗa guɗa, ramin ya maido mata da ita sau uku, birai suka watse.

Doka dai doka ce. Shi ya ci gaba ta gabas ba takalmi, ya tsallake Sa'adu a hankali tare da ba shi haƙuri. Su suka ci gaba ta yamma. Sauran hanyar gangara ce cikin kalgo da magarya, rana ta yi sanyi, ƙwarya ta cika. Matan suka ɗauko waƙar da ake yi wa amarya. Dela na gaba, ba ta amsa ba, ba ta kuma hana ba.

Da la'asar sakaliya suka shigo gari. Malam Isufu na zaune a ƙofar gida yana tufka igiya.

"Sannunku da hanya. Ina Sa'adu?"

Aka dubi juna. Inna Lami ta ce shina tahe, da gwiwa, a aika wani da fitila in ya cancanta.

"Kun gamu da kowa?"

Hawwa'u ta tsaya a bakin zaure, ƙwarya biyu a hannu, ta kasa kunne. Abin da aka yi a bakin rami ana iya cewa tsoro ne. Abin da za a faɗa a ƙofar gida shi ne magana.

"Ba kowa," in ji Dela. Ta kakkaɓe zanenta. "Sai wani."

"Wa?"

"Ka san shi."

"Ba shi da suna?"

"Shina da shi. Tambayi ɗiyarka."

Malam Isufu ya ajiye igiyar. Shekara talatin da biyar yana zaune da matar nan bai taɓa jin sunansa a bakinta ba, saboda haka ya san yadda abin yake in ya ji shi. Murmushi ya fara daga gemunsa.

"Ka aika ma kawunshi kafin su ɗaura kaya," Dela ta ce, tana shiga gida. "Raƙumin ya tahi in shina so. Kuma a kai ma wancan takalmanka na sallah. Ba a zuwa neman aure gidana ƙafa tsirara."

"To ai in ya zo, a ƙofa zai tuɓe su."

Dela ta tsaya a cikin zaure, bayanta gare su.

"Ya tuɓe," ta ce. "Amma nan akwai inda zai aje."